Daren da Kawu ya koma hannun hagu



Shekaranjiya da daddare Autanmu ya turo mini saƙo daga Kaduna, layi biyu kacal. Ya ce, "Yaya, ka ji an daina sayar da Forza Horizon 4 tun 15 ga Disamba? Don Allah kada ka bari yara su lalata na'urar nan, akwai motar Kawu a ciki." Na karanta na yi dariya, daga baya kuma na yi shiru na daɗe. Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka wata motar gado muke magana a kanta, alhali wasan bidiyo ne, abin da yara ke kira gem. Tunda ya tuno mini, bari in ba ku labarin daren da muka fara ganin wasan nan a gidana a Kubwa, cikin watan Satumba na 2018. Na san da yawa daga cikinmu akwai mai ƙane ko ɗa a gabansa wanda ƙarar inji ke hana shi barci.

Inna ta damƙa mini Auta ne a 2016, da ya samu gurbin karatu a nan Abuja. Ranar da za mu baro Funtuwa ta riƙe hannunsa ta sa a nawa, ta ce amana. Shekara biyu ban ga wani abin damuwa ba. Yana sallarsa, yana karatunsa, yana wanke mini mota ranar Asabar ba tare da na ce ya wanke ba. Ashe wankin motar ma akwai dalili. Wata rana mai facin taya a bakin layinmu ya duba tayoyin baya na tsohuwar motata ya ce, "Oga, wannan ba cin titi ba ne, murza ta ake yi." Ban gane ba sai da wani bidiyo ya zagayo har wayar uwargida.

Duk wanda ya zauna a Abuja ya san abin da nake nufi. Ranar Asabar ko Lahadi da yamma, an ɗaura aure, an ci an sha, sai abokan ango su ɗebi motoci su nufi wani faffaɗan titi a tsakiyar gari, inda ofisoshin gwamnati ke kulle babu kowa. Su riƙa juya mota a wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi, wasu sun fito da rabin jikinsu ta taga, 'yan kallo sun yi da'ira suna ɗauka a waya. 'Yan sanda sun sha yin gargaɗi. A kama wasu, a yi shiru wata biyu, a dawo. Garin ma kamar don haka aka shata shi: tituna masu faɗi, kwalta sumul, babbar hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama kowace layi goma. A cikin bidiyon, wanda ya fito da rabin jikinsa ta taga yana ɗaga hula, Autanmu ne. Motar ta wani abokinsa ce. Tawa a kanta yake koyo idan na yi tafiya.

Na yi faɗa, na ƙwace makulli, na yi barazanar mayar da shi gida. Ya sunkuyar da kai ya ce ya daina, ni kuma na san bai daina ba. Shi ya sa da ya zo mini da maganar yana tara kuɗin sayen Xbox One ta hannu a Banex Plaza, sai na cika masa rabi, da sharaɗin yammacin Asabar da Lahadi yana gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Kai da kake neman kashe wuta, fetur ka sayo?" Ban da amsa. Ni kaina ban san ko magani na sayo ko ƙarin cuta ba.

Sai ga shi ranar 12 ga Satumba kamfanin Microsoft ya saki ɗanɗanon wani sabon wasan tseren mota wanda ba zai fito kasuwa ba sai 2 ga Oktoba. Demo ake ce masa. Ga iyayenmu da ba su san harkar ba, kamar yadda mai tsire ke yanko maka ƙaramar tsoka ka ɗanɗana kafin ka fito da kuɗi ne: kyauta, kaɗan, kuma da gangan aka zaɓo wurin da ya fi daɗi. Sai dai wannan tsokar ta haura gigabait 20. Kwana uku Auta yana tashi ƙarfe ɗayan dare saboda datar dare mai araha. Daren farko an ɗauke wuta, na biyu data ta ƙare, na uku ya sayi fetur da kuɗin abincinsa ya tayar da janareta. Zuwa yammacin Asabar abu ya kammala.

Ban gayyaci kowa ba, amma falon ya cika. Ga Auta da abokinsa, mai motar da ke cikin bidiyon. Ga maƙwabcinmu mai koriyar tasi da ke jigila tsakanin Kubwa da Berger, ya shigo aron cajar waya ya zauna. Ga babbar 'yata, lokacin tana shekara tara. Sai Kawu, ƙanen Inna, wanda ya saba zuwa daga Dutse Alhaji duk Asabar bayan Magariba ya ci tuwo ya saurari labarai. Da ya ga an canza masa talabijin sai ya ja tsaki, ya koma kujerar gefe da carbinsa.

Wasan ba ya tsayawa gaisuwa. Kana danna maɓalli sai ka tsinci kanka a cikin wata mota mai suna McLaren Senna, tana kan gudu a wata hanyar ƙauye ta Ingila, ganyen bishiyoyi sun yi ja suna zuba. Kafin ka saba da ita, an ɗauke ka an jefa a lokacin sanyi, kana cikin wata motar daji a kan tafkin da ya daskare ya zama ƙanƙara. Daga nan sai lokacin ruwa da taɓo, kana fafatawa da 'yan babur a cikin gonaki. Sai lokacin rana, a mayar da kai cikin motar farko har ka isa filin biki. Duk yanayin shekararsu huɗu cikin mintoci kaɗan. Wannan canjin yanayi shi ne babban abin da masu wasan, wani kamfani mai suna Playground Games da ke garin Leamington Spa a Ingila, suke tallatawa a lokacin. Bayan an gama wannan gabatarwa sai a ba ka zaɓin mota ɗaya cikin uku, a sake ka. Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar duniya ke nan a harkar gem: ba a ɗaure ka a kan zagayen tsere ɗaya ba. In ka ga dama ka shiga tsere, in ka ga dama ka bi titi, in ka ga dama ka sauka daga titin ka keta gona ka hau tudu.

Auta ne ya fara riƙe fad. Ba sai na faɗa muku yadda ya yi ba. Ya danne totur bai ɗaga yatsa ba, ya rushe katangar duwatsu, ya daki bishiya, ya danna wani maɓalli mai launin ɗorawa sai komai ya koma baya kamar ana janye kaset, mota ta dawo daidai kafin kwanar, ya sake shiga. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Yaya, dubi ruwan nan a kan kwalta, wallahi kamar gaske." Abokinsa kuwa bai ji daɗi ba. Shi ɗan Need for Speed ne, irin Most Wanted ɗin 2005 da muka sani a gidajen gem, inda 'yan sanda ke bin ka da jiniya kana kakkarya musu motoci. Ya yi ta jiran jiniya bai ji ba. Da aka ce masa babu ɗan sanda ko ɗaya a wannan wasan, sai ya ce, "To gudun me ake yi ke nan?" Na riƙe wannan maganar tasa a raina.

Mai tasi ya ba mu dariya har cikinmu ya ƙulle. Tambayarsa ta farko game da McLaren ita ce kujera nawa gare ta. Aka ce biyu. Ya ce, "Ni da direba mun cika ta ke nan, ina riba?" Shi da ya saba da huɗu a baya, biyu a gaba. Ta biyu, ina allurar mai. Aka ce babu, ba a shan mai a nan. Ya dafe kai. Lokacin lita tana naira 145 muna kuka. Da aka ba shi fad, duk kwanar da ba ya ganin bayanta sai ya taka birki, ya miƙa wuya gaba kamar zai leƙa cikin talabijin. Na ce me kake nema? Ya ce, "Shinge mana. Hanya mai kyau haka ba za a bar ta ba kowa ba." Kuma sau uku yana yin gaba da gaba da motocin da ke tahowa, yana zaginsu wai sun shigo masa hannu.

'Yata ba ta damu da tsere ba ko kaɗan. Tana karɓa ta sauka daga kwalta ta shiga makiyaya tana bin tumaki. Masu wasan sun yi tumakin ta yadda ba za ka taɓa bige su ba, kana dosarsu suna gocewa, ita kuma ta rantse sai ta kama ɗaya. Da ta gaji ta shiga wani ƙauye mai gidajen dutse, ta tsaya a tsakiyar titi ta ce, "Abba, ina mutanen garin?" Sai a lokacin na lura. Babu mai tsallaka titi, babu mai talla, babu yaro da ya biyo ƙwallo, babu akuya. Kamar tsakiyar Abuja ranar Sallah, in kowa ya tafi garinsu.

Duk wannan abin Kawu yana gefe yana jan carbi. Na ɗauka ma gyangyaɗi yake. Sai da mai tasi ya yi karo na uku yana zagin mai ɗaya motar, muka ji murya daga gefe: "Kai ne ba ka kan hannunka. Koma hagu."

Falon ya yi tsit. Kawu ya gyara zama, ya ciro tabarau daga aljihun gaba ya saka. Ya ce da Auta, "Wace ƙasa ce wannan?" Auta ya ce Ingila ce, Kawu. Ya ce, "Na sani. Tun ɗazu na ga hannun."

Kawu ya fara harkar mota ne a tashar Funtuwa yana ɗan saurayi, yaron mota a wata Bedford mai bodin katako da ke ɗaukar auduga. Ya karɓi lasisi a 1970. Daga baya ya zama direban gwamnati a Legas, kuma yana cikin waɗanda suka biyo ma'aikatarsu zuwa Abuja lokacin da aka dawo da babban birni a Disambar 1991. Mu duk mun san wannan. Abin da ban taɓa tsayawa na lissafa ba shi ne, a shekarun da ya koyi tuƙi, Najeriya a hannun hagu take tuƙi irin na Turawan Ingila. Sai ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Gowon, aka koma dama, domin duk maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci, a dama suke. Saliyo ta riga mu da shekara ɗaya, Ghana ta biyo baya a 1974. Ni a littafi na karanta wannan. Shi kuwa a cikin mota ranar ta same shi.

Na ce, "Kawu, ko za ku gwada?" Ya ce shi ba yaro ba ne. Auta ya durƙusa a gabansa ya miƙa fad da hannu biyu, ya ce, "Kawu, ku nuna mana yadda ake yi a hagun." Ina jin wannan durƙuson ne ya karya shi. Ya karɓa yana juya abin kamar an ba shi ɗan tsako. Aka nuna masa: yatsan dama totur, na hagu birki, babban yatsa sitiyari. Ya ce ina kuloci? Aka ce babu sai in an so. Ya girgiza kai.

Aka sake buɗe zaɓin motocin nan uku: Ford Focus, Audi, da wata tsohuwar Dodge Charger ƙirar 1969. Bai yi wata-wata ba ya nuna tsohuwar, ya ce wannan ƙarfe ce, sauran robobi ne. Auta ya sauya masa kallo ya koma kamar kana zaune a kujerar direba. Kawu ya dubi allon ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Motar Amurka ce, sitiyarinta a hagu, ga titi kuma hannun hagu. Ya ce, "Irin wahalarmu ke nan, amma a juye." Wai bayan canjin hannu sun yi shekaru suna jan motoci masu sitiyari a dama a kan hannun dama. Direba yana can gefen daji, ba ya ganin abin da ke tahowa in zai wuce babbar mota. Yaron mota ne ke leƙawa ta ɗaya tagar ya ce shiga ko kada ka shiga. Ranka yana bakin yaro ɗan shekara goma sha biyar.

Sannan ya fara tuƙi. Minti biyun farko ya yi ta yawo daga wannan gefe zuwa wancan, domin babban yatsa ba sitiyari ba ne. Da hannunsa ya faɗa, sai ya kama gefen hagu ya miƙe, a hankali, bai wuce mil 40 ba. Da mil yake lissafi har ya bar duniya, irin mutanen da suka raɗa wa Mil Tara ta Kano suna. Ya iso shataletale ya shiga ta hagu ya zagaya ba tare da ya tsaya tunani ba, abin da duk cikinmu babu wanda ya iya yi a daren. Shekara arba'in da shida rabonsa da wannan hannun. Yana tuƙi yana magana, idonsa a kan hanya. Ya ce ranar farko ta canjin ba ita ce abin tsoro ba, domin kowa a tsorace yake, rediyo ta yi watanni tana faɗa, kowa yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Abin tsoro shi ne bayan mako biyu, da asuba, hanya ba kowa, ka fito daga gidan mai ko ka gama sallah a bakin hanya, hankalinka yana wani wuri, sai hannu ya koma inda ya saba.

Abokin Auta ya ƙosa. Ya ce, "Baba, ku keta ta gonar nan mana, ya fi sauri, katangar rushewa take." Kawu ya ce, "Gonar wani ce." Aka ce ai wasa ne. Ya ce ya ji, gonar wani ce. Har ya miƙa fad bai taɓa katanga ko ɗaya ba.

A nan ne na fara samun amsar tambayar uwargida, ko da yake ba irin amsar da nake nema ba ce. Mutum biyar suka riƙe abu ɗaya a hanya ɗaya, kowa ya yi tuƙin da rayuwa ta riga ta koya masa. Mai tasi ya shigo da shingayensa, yarinya ta shigo da tumakinta, abokin Auta ya shigo da neman wanda zai bi shi a guje. Wasan bai sa wa kowa halin da bai zo da shi ba, a wannan daren dai. Abin da ya yi shi ne ya baje halin kowa a kan allo muna kallo.

Ni ma ban tsira ba. Da aka watse aka bar ni da fad wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ban shiga tsere ba. Na kama wata hanya na yi ta tafiya har inda ɗanɗanon ya yarda a kai, domin ba dukan taswirar aka buɗe ba, birnin Edinburgh ma sai a cikakken wasan. Ina cikin tafiya rana ta faɗi a wasan, fitilun mota suka kama, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na tuna lokacin da nakan tashi daga aiki ranar Juma'a in kama hanyar gida bayan Isha'i, in wuce Zuba, in sha shayi a Tafa, in wuce Jere da Katari da Rijana gilas a sauke, in isa Funtuwa tsakar dare in buga wa Inna ƙofa. A 2018 wa zai yi wannan? Masu garkuwa da mutane sun riga sun mayar da hanyar Kaduna abin tsoro, manya da ƙanana mun koma rububin tikitin jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016. A cikin gari kuwa tuƙina bai wuce Kubwa zuwa ofis, ofis zuwa Kubwa, cikin cunkoso. Na lissafa na ga na fi shekara biyar ban tuƙa mota don daɗin tuƙi kawai ba. Ban ce Auta yana da gaskiya ba, amma a daren na fahimci abin da yake nema a wancan titin na tsakiyar gari fiye da yadda na fahimta ranar da nake masa faɗa.

Bari in koma baya kaɗan, domin na tsallake abin da ya fi muhimmanci. Kafin Kawu ya tafi, Auta ya karɓi fad don ya burge shi da McLaren. Yana ta zuba bayani: guda 500 kacal aka ƙera a duniya, tana wuce kilomita 330 a awa, an sa mata sunan wani direban tsere ɗan Brazil, Ayrton Senna, wanda ya ci kambun duniya sau uku. Kawu ya ce, "Yana nan da ransa?" Auta ya ɗan yi jim, ya ce a'a, ya rasu a 1994, a wajen tsere a Italiya, motarsa ta daki bango, yana da shekara 34. Kawu ya ce, "To." Bai ƙara komai ba.

Can Auta ya shiga kwana da gudu, mota ta wuntsila, ya danna maɓallin nan mai ɗorawa, komai ya koma baya. Kawu ya ce, "Tsaya. Me ka yi?" Aka yi masa bayani. Ya ce a sake ya gani. Aka sake. Gilashin da ya tarwatse ya haɗe, mota ta miƙe a kan tayoyinta. Na zuba masa ido ina jiran wa'azi, domin na san abokan aikinsa nawa hanya ta ci. Bai yi wa'azi ba. Ya ce, "Ana iya kashe shi?" Auta ya ce ana iya, har ma wasan yana ƙara maka lada in ka kashe. Kawu ya ce, "To kashe. Ka ɗauke ni daga filin bikin nan zuwa wancan ƙauyen, da duk gudun da kake so, amma kada ka taɓa komai. In ka taɓa, ka kashe fasinja, ka sauka ka ba wani."

Sau bakwai Auta yana gwadawa a daren, sau bakwai yana kashe fasinja. Yarinya tana ƙirgawa da ƙarfi. A na takwas ya isa lafiya, kuma duk mun ga yadda ya isa: ya ɗaga yatsa daga totur tun kafin kwana. Kawu ya miƙe ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Gobe bayan Asuba ka zo ka same ni da motar yayanka." Ya juyo gare ni ya ce, "Ba shi makullin." Ni da na ƙwace makullin da rantsuwa. Na ba shi.

Daga nan suka ɗauki kusan shekara guda, duk Lahadi da sassafe, suna bin hanyar Bwari da ta Ushafa wajen dam ɗin Usuma, inda akwai hawa da gangara da kwanoni. Ban taɓa bin su ba. Abin da na sani shi ne kafin wannan dare maganar da ke tsakanin Auta da Kawu ba ta wuce ina kwana da lafiya lau, bayan nan kuwa sai in dawo in tarar da su a kan tabarma suna gardamar birki da giya. Da cikakken wasan ya zo hannun Auta, yanayi yana canzawa duk ranar Alhamis, sai Kawu ya riƙa tambaya tun daga bakin ƙofa, "Yau wane lokaci ne a Ingila?" In aka ce na ƙanƙara sai ya ce ba ya fita, shi bai koyi wannan ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gem ya shiryar da ƙanena ba. Na samu labarin ya sake zuwa wajen wasan motar nan aƙalla sau biyu bayan haka. Abin da ya raba shi da wurin shi ne ranar da abokin nan nasa, mai tambayar gudun me ake yi, ya daki turken fitilar titi a gaban 'yan kallo. Allah Ya sa bai bi ta kan kowa ba. Ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Auta ba ya cikin motar a ranar. Ya ce mini dama an kira shi, sai ya ce yana da fita da Kawu da asuba, yana son ya yi barci da wuri. Ko gaskiya ce ko ya faɗa ne don ya faranta mini, ban matsa ba. Uwargida har yanzu tana kan bakanta cewa sa'a na ci, kuma ban da hujjar da zan kayar da ita.

Kawu ya rasu a daminar 2022, a kan gadonsa, bayan gajeruwar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Auta ya gama karatu, yana aiki a Kaduna, ya yi aure bara. Da zai tafi ya bar mini na'urar, wai gidansa ba wuri. Mai tasi yana nan, sai dai tun da lita ta haura naira 1,000 a 2024 ya rage fita, kuma duk sanda ya ga yara suna wasan sai ya tsaya a ƙofa ya ce a nuna masa ƙasar nan da ba a shan mai.

Dalilin daina sayar da wasan, kamar yadda masu shi suka sanar tun watan Yuni, ƙarewar yarjejeniyar lasisi ce da abokan hulɗarsu. Wanda ya riga ya mallaka zai ci gaba da bugawa. Bayan saƙon Auta na jawo na'urar daga ƙarƙashin talabijin na kaɗe mata ƙura na kunna. Tsohuwar Dodge ɗin tana nan a garejin wasan, Auta ya yi mata fenti fari da shuɗi irin na Bedford ɗin da Kawu ke ba mu labari. 'Yata, wadda yanzu ta kai shekara goma sha biyar, ta zauna kusa da ni ta ce, "Abba, yaushe za ka fara koya mini ta gaske?" Na ce sai ta cika sha takwas, doka ce. Ta karɓi fad ta fito da motar daga filin biki, ta kama hannun dama. Na ce mata ta koma hagu.